Daga Guntun Ƙashi Zuwa Cikakkiyar Dabba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Manyan Dainoso Masu Cin Kifi

Duk wanda ya ɗan bibiyi hotunan Spinosaurus, wani ƙaton dainoso mai cin kifi da ya rayu miliyoyin shekaru da suka wuce, zai lura cewa dabbar ba ta zama da kama ɗaya. Zanen shekarun 1980 daban, na 2014 daban, na 2020 kuma daban, har mutum ya fara zargin ko masanan wasa suke yi da hankalin jama'a. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da masu zane da masu sha'awar halittun dauri suka fi maimaitawa. An fara da masu sauƙi, sannan aka nutsa.

Waɗanne dabbobi ake nufi da dainoso masu cin kifi?

Dangi ɗaya ake nufi, wanda masana ke kira Spinosauridae. Manyan mafarauta ne masu tafiya da ƙafa biyu, masu dogon baki siriri irin na kada, haƙoransu zagayayyu kamar turaku, hancinsu ya ja baya daga ƙarshen baki, kuma kowane hannu yana da ƙatuwar akaifa a babban yatsa. Huɗu ne suka fi suna: Baryonyx na Ingila, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 125 da suka wuce, Suchomimus na Nijar da Irritator na Birazil, masu shekara miliyan 110 ko sama da haka, sai Spinosaurus na Masar da Maroko, na wajen shekara miliyan 95. Akwai wasu a Laos da Tailan da Sifen da Fotugal.

Kamannin baki ne kawai ya haɗa su da kada. A jerin dangantaka, tsuntsun da ke kan bishiya ya fi kusa da su.

Me ya sa ba a samun ƙwarangwal ɗinsu cikakke?

Domin inda suka zauna ba wurin ajiyar gawa ba ne. A bakin manyan koguna da fadamu suka yi rayuwa. Idan dabba ta mutu a irin wannan wuri, kadoji da kifaye su yage nama, jijiyoyi su ruɓe, ambaliya ta kwashi ƙasusuwa ta watsa su nan da can. Kafin ƙwarangwal ya tsira a haɗe, sai laka ko yashi ya rufe gawar da wuri, kuma ba kasafai hakan ke faruwa ba. Bayan miliyoyin shekaru, nauyin duwatsun da suka taru a sama ya murƙushe abin da ya rage, in kuma zaizaya ta tono shi, rana da iska su farfasa shi kafin wani ya iso.

Shi ya sa a duwatsun Kem Kem na kudu maso gabashin Maroko haƙoran Spinosaurus suka yi yawa ƙwarai, amma ƙasusuwan dabba ɗaya a wuri ɗaya sai an sha wuya. Haƙori yana da tauri, kuma dabbar tana zubar da shi wani ya tsiro muddin ranta. Dabba ɗaya za ta iya barin haƙora ɗaruruwa a cikin kogi, amma ƙoƙon kai ɗaya gare ta.

Me ya faru da ƙasusuwan Spinosaurus na farko?

A 1912 wani mai tono burbushi, wato ragowar halittun dauri da suka zama dutse, Richard Markgraf, ya haƙo su a dausayin Bahariya da ke hamadar yammacin Masar, ya aika wa masanin Jamus Ernst Stromer, wanda ya bayyana su ga duniya a 1915. Abin da ya zo hannun Stromer bai taka kara ya karya ba: gaban muƙamuƙin ƙasa, haƙora, wasu gaɓoɓin wuya da na gadon baya, da haƙarƙari. Babu hannu, babu ƙafa, babu saman kai. Amma gaɓoɓin bayan suna ɗauke da dogayen ƙasusuwa da suka miƙe sama kamar sandunan shinge, mafi tsawo a cikinsu ya kai santimita 165.

An ajiye su a gidan tarihi a birnin Munik na Jamus. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Stromer ya nemi a kwashe su zuwa wurin da bam ba zai kai ba, shugaban gidan ya ƙi. A daren 24 ga Afrilu 1944 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, ƙasusuwan suka tafi. Abin da ya rage shi ne rubutun Stromer, da zane-zanensa masu kyau, da wasu hotuna da iyalinsa suka miƙa a 1995. Har yau duk wanda zai haɗa siffar Spinosaurus yana auna takarda ne a madadin wannan ƙashi, kuma takarda ba ta juyuwa ka ga bayanta.

Idan rabin ƙashin ya ɓace, da me ake cike giɓin?

Hanya uku ce, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce madubi: jikin dabba dama da hagu iri ɗaya ne, don haka in an sami ƙashin cinyar hagu, an sami na dama. A yau ana ɗaukar hoton ƙashin ta kowane ɓangare, ko a saka shi a na'urar hoton ciki irin ta asibiti, kwamfuta ta juya shi. Kusa da wannan akwai cike jeri. Gaɓoɓin gadon baya suna sauyawa a hankali daga wuya zuwa wutsiya, in kana da ta shida da ta takwas, ta bakwai ba za ta ba ka mamaki sosai ba.

Ta biyu ita ce aro daga wani ɗan jinsin, wato wata dabbar daban amma iri ɗaya. Nan matsala take farawa, domin girmansu ba ɗaya ba ne, dole a ƙara ko a rage (duba tambaya kan siffar 2014). Ta uku ita ce aro daga dangi: babu hannun Spinosaurus, sai a ɗauko na Suchomimus a faɗaɗa shi.

Wannan ta ukun ita ce mai hatsari, domin kama da wane ba ta wane. Misalin da ya fi koyar da darasi ba ma daga wannan dangin yake ba. A 1965 an tono hannuwa biyu masu tsawon mita 2.4 a hamadar Gobi ta Mongoliya, aka sa wa mai su suna Deinocheirus. Kusan shekara 50 masu zane suna ɗora su a jikin wata ƙatuwar dabba mai ƙirar jimina, bisa ga danginta. Da aka bayyana sauran jikin a 2014, sai ga dabba mai faffaɗan baki kamar agwagwa, mai tozo, mai ƙaton ciki, har da ragowar kifi a cikinsa. Dangin da aka zaɓa daidai ne, siffar ce ta kauce.

Wane burbushi ne ya fara nuna ainihin ƙirar wannan dangi?

Baryonyx. A Janairun 1983 William Walker, mai neman burbushi don sha'awa, ya tsinci wata akaifa mai tsawon kusan santimita 31 a ramin haƙar yumɓu a Surrey, kudancin Ingila. Ma'aikatan Gidan Tarihin Halittu na Landan suka je suka kwaso sauran, wanda ya zarce rabin ƙwarangwal, suka shafe shekaru suna ɓantare shi daga dutse mai tauri. Alan Charig da Angela Milner suka ba shi suna a 1986, ma'anar sunan kuwa akaifa mai nauyi.

Kafin nan, masu zana Spinosaurus suna ba shi gajeren kai mai kauri irin na sauran manyan mafarauta, su tsayar da shi tsaye wutsiya na jan ƙasa. Muƙamuƙin Stromer yana nan a zane yana nuna wani abu daban, amma babu abin da za a kwatanta shi da shi. Baryonyx ne ya nuna cewa dogon baki ne. Ita kanta akaifar ba a same ta manne da yatsa ba, da farko sai da aka yi ta tunanin ta hannu ce ko ta ƙafa.

Mene ne matsayin Suchomimus na Nijar a wannan aiki?

Shi ne ma'auni. A ƙarshen 1997 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya same shi a Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere, aka bayyana shi a 1998. Sunan yana nufin mai kwaikwayon kada. Tsawonsa ya kai wajen mita 11, kuma tsakanin ƙasusuwan da aka tara an sami baki, hannuwa, ƙugu, ƙafafu da yawancin gadon baya. Saboda haka duk inda aka rasa wani sashe na ɗan wannan dangi, wurin Suchomimus ake fara zuwa aro.

Amfanin nan yana da illarsa. Suchomimus doguwar ƙafa gare shi kamar sauran mafarauta, don haka shekara da shekaru ana ba Spinosaurus doguwar ƙafa ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, har a wani fitaccen fim ɗin Amurka na 2001. Da ƙafar gaske ta bayyana, sai aka ga aron bai dace ba.

Yaya aka san kifi suke ci? Ba daga kamannin baki kawai aka yanke hukunci ba?

A'a, shaidu sun zo ta hanyoyi da ba su dogara da juna ba. Mafi ƙarfi ita ce cikin Baryonyx, inda aka sami ɓawon jikin kifi da ruwan ciki ya fara cinyewa. Sannan ga haƙora: mafarauci mai yanka nama haƙorinsa faffaɗa ne mai gefen zarto kamar wuƙa, nasu kuwa na sokewa da riƙe abu mai santsi ne. Ƙarshen bakin ya buɗe kamar cokali, yana da lanƙwasa a bayansa inda haƙoran ƙasa ke shiga, tarkon da kifi ba ya kuɓuce masa.

Akwai kuma shaidar sinadari. Abin da dabba ta ci da ruwan da ta sha suna barin alama a rufin haƙorinta. Binciken nau'o'in oksijin da aka wallafa a 2010 ya nuna haƙoran wannan dangi sun fi kusa da na kadoji da kunkuru fiye da na sauran dainoso masu cin nama. Wani na 2018 kan sinadarin kalsiyam, wanda ya yi amfani da haƙoran Gadoufaoua da Kem Kem, ya nuna kifi ne mafi yawan abincinsu. Kuma kifayen zamanin ba ƙanana ba ne: a kogunan Kem Kem akwai Onchopristis mai baki kamar zarto, da wasu da suka fi mutum tsawo nesa ba kusa ba.

Amma kada a ɗauka kifi kaɗai suke ci. A cikin Baryonyx ɗin nan an sami ƙasusuwan ɗan Iguanodon, dainoso mai cin ganye. A Birazil kuma an sami haƙorin ɗan wannan dangi a cake cikin ƙashin wuyan ɗaya daga cikin dabbobin nan masu fikafikan fata da suka yi shawagi a sama a zamanin.

Daga ina ake samo tsawo da nauyi, kuma me ya sa alƙaluman suke saɓa wa juna?

Ga yadda aka yi da Spinosaurus. A gidan tarihin birnin Milan na Italiya akwai wani guntun saman baki daga Maroko mai tsawon kusan mita 1. A 2005 Cristiano Dal Sasso da abokan aikinsa suka kwatanta shi da kawunan dangi, suka ce cikakken kan zai kai mita 1.75. Daga kai suka lissafa jiki, suka sami mita 16 zuwa 18. Ka lura tsani ne mai hawa biyu: daga baki zuwa kai, daga kai zuwa jiki, kuma kowane hawa aro ne. A 2014 aka dawo wajen mita 15, a 2022 Sereno da ayarinsa suka ce kimanin mita 14 da tan 7.4. Ƙashin bai canza ba. Abin da ake kwatanta shi da shi ne ya canza.

Nauyi ya fi tsawo wuyar kamawa, domin ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. In ka ninka tsawon dabba sau 2, nauyinta zai ninku sau 8. Kuskuren kashi 10 cikin 100 a tsawo yakan zama kuskuren kashi 33 a nauyi. Hanya biyu ake bi: a auna kaurin ƙashin cinya a kwatanta da dabbobin yau, ko a gina jikin a kwamfuta, a lulluɓe shi da tsoka, a cire gurbin huhu, a lissafa. Ta farkon ba ta yi wa Spinosaurus daidai, tunda cinyarsa ƙarama ce idan aka duba jikinsa. Ta biyun kuma ta dogara da yawan naman da mai ginin ya ga dama ya ɗora. An taɓa wallafa ƙiyasin da ya haura tan 20.

Shawarata ita ce, duk inda ka ga lamba ɗaya tak babu "daga kaza zuwa kaza", ka ɗauke ta da rabin hannu.

Me ya sa siffar 2014 ta jawo ce-ce-ku-ce?

Labarin ya fara a 2008, lokacin da wani masani, Nizar Ibrahim, ya karɓi wani kwali na ƙasusuwa daga hannun wani mai tono a garin Erfoud na Maroko. Daga baya ya ga wasu a Milan masu launi da ƙira iri ɗaya, ya yi zargin na dabba ɗaya ne. Sai a 2013 ya sake gano mutumin, wanda ya kai shi ramin. Wannan ƙwarangwal, wanda yanzu yake jami'a a Kasablanka, shi ne na farko da ya haɗa gadon baya da ƙugu da ƙafafun Spinosaurus. Ƙafafun gajeru ne ƙwarai, ƙasusuwansu cike babu kogon ɓargo, faratan ƙafar kuma shimfiɗaɗɗu.

A mujallar Science ta 2014, ayarin Ibrahim ya haɗa wannan da zanen Stromer, da bakin Milan, da wasu ƙasusuwa ɗaiɗaiku, kowanne aka ƙara shi ko aka rage don ya dace, aka cike sauran da dangi. Sakamakon shi ne dabba mai dogon jiki da gajerun ƙafafu wadda nauyinta ya rinjaya gaba, har suka ce wataƙila da ƙafa huɗu take tafiya a tudu. Masu suka, ciki har da mai zanen ƙwarangwal Scott Hartman, suka tambayi yadda aka daidaita girman ƙafafun da na sauran jiki. Wasu suka tambayi abin da ya fi wannan nauyi: ƙasusuwan da suka bi ta hannun 'yan kasuwa, wa ya tabbatar na dabba ɗaya ne?

Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta komawa ramin ce. Da aka ci gaba da tono, an sami ƙarin ƙasusuwa masu girman da ya dace, babu sashen da ya maimaitu, wasu guntayen ma suka haɗu da waɗanda aka saya tun farko. Gajerun ƙafafu sun zauna. Tafiya da ƙafa huɗu kuwa yawancin masana sun ajiye ta, musamman da yake hannun Spinosaurus 'yan ƙasusuwan yatsa kawai aka sani daga gare shi.

Me wutsiyar da aka bayyana a 2020 ta canza?

A wannan ramin dai aka tono kusan kashi 80 cikin 100 na wutsiyar. Kowa ya zaci siririya ce mai tsini kamar ta sauran mafarauta, haka ma aka zana ta a 2014. Sai ga gaɓoɓinta ɗauke da dogayen ƙasusuwa sirara sama da ƙasa, wutsiyar ta zama faffaɗa kamar filafilin tuƙa kwalekwale. A Jami'ar Harvard aka yanka siffarta da roba, aka kaɗa ta a ruwa da na'ura, aka kwatanta da ta wasu dainoso biyu na tudu da ta kada. Ta ba da turi kusan ninki 8 na dainoson tudu, amma ba ta kai kada ba.

Abin lura shi ne wutsiya tana cikin sassan da ake ganin aronsu ba shi da hatsari. Nan ma aka sha mamaki. Ƙarin nauyinta kuma ya ja cibiyar nauyin jiki baya, abin da ya ƙara raunana batun ƙafa huɗu.

To yana nutso ya bi kifi, ko tsayawa yake a gaɓa kamar zalɓe?

A nan tsugune ba ta ƙare ba. Ɓangaren Ibrahim suna kafa hujja da wutsiya, da gajerun ƙafafu, da cikakken ƙashi. A 2022 Matteo Fabbri da abokansa suka auna cikar ƙasusuwan dabbobi masu yawa, na ruwa da na tudu, suka ce Spinosaurus da Baryonyx sun faɗa rukunin masu nutso, Suchomimus kuwa bai faɗa ba. Dalilin shi ne dabbobi irin dorina ƙashinsu cike yake, yana taimaka musu su nutse.

Ɗaya ɓangaren ba su yarda ba. Donald Henderson ya gwada jikin a kwamfuta a 2018, ya ga yana yawo a saman ruwa ba ya nutsewa, kuma yana saurin kifewa gefe. David Hone da Thomas Holtz a 2021 suka ce matsayin hanci da ido da ƙirar wuya sun fi dacewa da dabbar da ke tsaye a ruwa tana saran kifi daga sama, kuma shingen bayan zai ja ta baya in tana gudu a ƙarƙashin ruwa. Sereno a 2022 ya ƙara da cewa jakunkunan iskar da ke jikin dainoso irin wannan za su hana shi nutso, sannan an sami burbushinsa a Nijar, can cikin ƙasa nesa da teku. A 2024 wasu suka soki lissafin da aka bi a binciken cikar ƙashi.

A ganina, abin da ɓangarorin suka yarda da shi ya fi abin da suke jayayya a kai yawa: dabbar ruwa ce ta wani fanni, kifi take ci, tana iya iyo. Rigimar a kan zurfi ce da gudu. Kuma gwajin kwamfuta, kowane ɓangare ya yi shi, yana mayar maka da abin da ka zuba masa ne. In ka ƙara girman huhu dabbar ta taso, in ka rage ta nutse, huhu kuwa ba ya zama dutse.

Abin da ke bayansa, shinge ne na fata ko tozo?

Yawancin masana suna ganin fata ce ta lulluɓe sandunan. A 1997 Jack Bailey ya kawo ra'ayin tozo na tsoka da kitse irin na ɓaunan Amurka, amma ƙirar ƙasusuwan da yanayin samansu sun fi nuna fata ce ta manne musu. Amfaninsa kuwa, nuna kai ga abokan hamayya da mata shi ne bayanin da ya fi samun karɓuwa, ko da yake an ambaci daidaita zafin jiki.

Siffar shingen ita ce ba ta zauna ba. Gaɓoɓin Stromer ba a jere aka same su ba, don haka inda ka ajiye sanda mafi tsawo shi ke yanke maka hukunci: ka kai ta tsakiya ka sami rabin da'ira, ka kai ta wajen ƙugu ka sami gangare, a 2014 kuma aka fito da mai kusurwa da ɗan lotsawa a tsakiya. Ichthyovenator na Laos, wanda aka bayyana a 2012, shingensa ma a rabe yake gida biyu a kan ƙugu.

Ana samun jabu ko gyararren burbushi?

Ana samu, har akwai wanda sunansa ya samo asali daga nan. Wani gidan tarihi a Stuttgart ta Jamus ya sayi ƙoƙon kai daga arewa maso gabashin Birazil. Da aka saka shi a na'urar hoton ciki, sai aka ga dillalai sun ƙara wa bakin tsawo da guntayen ƙashi da abin cike lotsawar jikin mota, don ya yi kyau ya yi tsada. Haushin da masanan suka ji ya sa a 1996 suka raɗa masa Irritator, wato mai ban haushi. Bayan an kankare ƙarin, shi ne ƙoƙon kai mafi cika da ake da shi a dangin gaba ɗaya.

Asarar da ta fi jabu girma ita ce ta bayanin wuri. Ƙashin da aka ciro ba tare da an rubuta shimfiɗar dutsen da yake ciki da abin da ke kusa da shi ba, ya rasa rabin maganarsa. Shi ya sa komawa ramin Kem Kem ya zama dole, kamar yadda aka bayyana a tambayar siffar 2014.

Yaya ake gane ƙasusuwa biyu na jinsi ɗaya ne ko jinsi biyu?

Sai sun haɗu a sashe ɗaya kafin a kwatanta. In wannan wuya ne wancan baki, babu hanyar tabbatarwa kai tsaye. A 1996 Dale Russell ya sa wa wasu gaɓoɓin wuya daga Maroko suna Sigilmassasaurus. Ayarin 2014 suka ce Spinosaurus ne, suka zuba irinsu a siffarsu. A 2015 Serjoscha Evers da abokansa suka ce a'a, jinsi ne mai zaman kansa. In masu wannan ra'ayi suka yi daidai, to bakin Milan da ake lissafa tsawo da shi ba a san na wanne ba ne a cikin biyun. A Nijar ma haka: Philippe Taquet da Russell sun sa wa wasu guntayen muƙamuƙi daga Gadoufaoua suna Cristatusaurus a 1998, gab da fitowar Suchomimus, kuma har yanzu ana muhawara ko abu ɗaya ne.

Wani lokaci ƙaramin abu ke raba gardama. Ƙoƙon Irritator ba shi da ƙarshen baki, kuma a 1996 ɗin aka bayyana wani ƙarshen baki daga yanki ɗaya da sunan Angaturama. An daɗe ana cewa wataƙila kai ɗaya ne ya karye biyu. Da aka duba da kyau, sai aka ga duka biyun suna ɗauke da gurbin haƙori guda na wuri ɗaya. Dabba ɗaya ba ta da wannan haƙori sau biyu, don haka aƙalla dabbobi biyu ne, ko da jinsinsu ɗaya.

Nama da fata da launi fa?

Tsoka tana barin tabo a inda ta manne wa ƙashi, kuma ana duba kada da tsuntsu: abin da duka biyun suke da shi a wuri ɗaya, mai yiwuwa dainoso ma yana da shi. Wannan ya ba da abin dogaro. Fatar wannan dangi kuwa ba a same ta ba, balle launi. An gano launin wasu ƙananan dainoso masu gashin tsuntsu daga Sin, amma hanyar tana buƙatar gashin ya tsira. Ja ko shuɗin da ka gani a shingen Spinosaurus zaɓin mai zane ne.

In na ga ƙwarangwal a gidan tarihi ko zane a littafi, yaya zan raba na gaske da na cikewa?

Fara da karanta allon bayani. Yawancin manyan ƙwarangwal da ake kafawa kwafi ne na roba ko filasta, domin ƙashin da ya zama dutse yana da nauyi da saurin karyewa, na ainihin yana ɗakin ajiya. Gidan tarihi mai gaskiya zai faɗi haka, wani ma yakan bambanta launin sassan da aka ƙera. A zanen masana, nemi hoton da aka yi baƙar inuwar jiki aka ɗora ƙasusuwa a kai: abin da aka zana fari shi ne aka samu, abin da aka bari toka ko babu komai shi ne cikewa. Siffar 2014 launi-launi aka yi ta, kowane launi yana nuna inda aka samo ƙashin.

Sannan ka yi wa hoton tambaya uku: dabba nawa aka haɗa, wane sashe aka aro daga dangi, kuma a wace shekara aka yi shi. A Spinosaurus, gadon baya da ƙugu da ƙafafu da wutsiya suna da ƙashi a bayansu. Bayan kai an fi gina shi da Irritator. Waɗannan manyan hannuwa masu akaifu da ke fara ɗaukar ido kuwa, yawancinsu na Suchomimus ne da Baryonyx aka faɗaɗa.